Kullum Shiri: Sojojin Zango da Duwatsun Tunawa a Accra

Wanda ya fito daga Nima ko Maamobi ya nufi gabas, kafin ya yi nisa zai tarar da Asibitin Soja na 37, wanda aka buɗe a shekarar 1941 domin jinyar mayaƙan Yaƙin Duniya na Biyu. Idan ya bi titin Giffard, zai wuce filin wasa na El Wak, ya ɓulla babban barikin nan da ake kira Burma Camp. Babu suna ɗaya a cikin waɗannan da aka raɗa a banza. Giffard janar ne na Ingila da ya shugabanci sojojin Afirka ta Yamma. El Wak wani gari ne a kan iyakar Kenya da Somaliya, inda aka gwabza da Italiyawa a watan Disamba na 1940. Burma kuwa ita ce ƙasar Bama, wadda tsofaffin zango suka daɗe suna ba da labarin dazuzzukanta da ruwan samanta. In matafiyin ya juya kudu wajen teku ya isa Osu, a can zai ga maƙabartar yaƙi ta Christiansborg, da mararrabar da aka harbe tsofaffin soja uku a 1948, da mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba a Dandalin Baƙin Tauraro.

Birnin Accra, wanda Hausawan dā ke kira Ankara, cike yake da alamun tunawa da yaƙi. Sai dai waɗannan alamu duk a wajen zango suke, alhali kuwa an yi shekaru fiye da saba'in ana ba sojan wannan ƙasa umarni da Hausa, kuma a farkon lamarin in an ce "Bahaushe" a bakin tekun Gwalkwas, sau da yawa soja ake nufi. Har yau taken rundunar sojan ƙasa ta Ghana, wadda ta gaji rundunar Gwalkwas, kalmomi biyu ne na Hausa: Kullum Shiri. Tambayar da ta cancanci ɗalibi ya yi ita ce: sunan wa aka sassaƙa a dutse, sunan wa aka bari a baki, kuma wa ya yanke wannan hukunci?

Yadda Bahaushe ya zama sunan soja

Labarin ya faro ne daga Ikko, wato Legas. A 1863 wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna John Glover ya tara wasu 'yan tsirarun mutane masu jin Hausa ya ba su bindiga. Da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, ba su da dangi a kusa, ba su da gonar komawa. Mutanen gari, da suka ɗanɗana hannunsu, suka yi musu laƙabi da ɓarayi arba'in na Glover. Bayan shekara goma aka kwaso su zuwa Gwalkwas domin yaƙi da Tonawa, wato Asante, yaƙin da mutanen ƙasar ke kira Sagrenti, daga sunan Sir Garnet Wolseley wanda ya ƙone Kumasi a watan Fabrairu na 1874. Glover ya biyo ta wajen kogin Volta da nasa mutanen, yana ƙara ɗibar masu jin Hausa a hanya. Da aka gama yaƙi, wasu suka zauna a garuruwan bakin teku. A 1877 aka mai da hedikwatar mulki daga Cape Coast zuwa Accra, a 1879 aka kafa wa Gwalkwas rundunarta ta 'yan sanda masu bindiga, wadda kowa ke kira ta Hausawa, a 1901 kuma aka mai da ita cikakkiyar rundunar soja a ƙarƙashin dakarun tsaron iyakokin Afirka ta Yamma.

Turawa sun ƙirƙiro wa kansu hujja, suka ce Hausawa jinsi ne na mayaƙa. Gaskiyar maganar ta fi wannan sauƙi, ta kuma fi shi ɗaci. Abin da mai mulki ke bukata shi ne baƙo, wanda in an ce ya harbi mutanen gari ba zai ga ɗan'uwansa a cikinsu ba. Bahaushen asali da ya zo ƙasar kuwa fatauci ya kawo shi. Tun da daɗewa kafin Glover ayarin Kano da Katsina ke bin hanyar Gwanja suna sayo goro a Salaga, kuma mai jaki goma na goro ba ya ajiye su ya ɗauki bindigar Nasara. Saboda haka masu ɗibar soja suka riƙa zuwa kasuwar Salaga da bakin Kwara suna neman wanda za su samu. A shekarun 1880 da 1890 mayaƙan Zabarmawa, ƙarƙashin Gazari sannan Babatu, suka addabi ƙasar Gurunsawa da hare-hare, suka cika kasuwanni da bayi. Yawancin waɗanda suka kuɓuta daga wannan bala'i, ko aka fanshe su, a bariki suka ƙare. Sai ga rundunar "Hausawa" cike da Gurunsawa da Dagwambawa da Mosawa da Zabarmawa da Fulani da Kanjarga, Hausa ce kawai ta haɗa su, ita ma irin ta bariki, wadda aka rage wa ƙa'ida aka bar mata umarni.

A takarda duk waɗannan 'yan sa-kai ne, domin babu dokar tilas a lokacin. Amma kalmar sa-kai tana da faɗi ƙwarai a nan. Akwai bawan da ya ga kakin soja shi ne takardar 'yancinsa. Akwai saurayin da ya gudo daga ƙasar da Faransa ke mulki saboda aikin tilas da ɗibar soja, ya faɗa wa na Ingila, an gudu ba a tsira ba. Akwai wanda joji ya gaya wa sarkin garinsu yawan mutanen da ake so, sarki ya duba ya zaɓi maraya ko bare ko wanda ya ishe shi da fitina. Akwai kuma, ba shakka, wanda ya kawo kansa don albashi da jar dara da kwarjinin kaki. Dutsen tunawa ba ya bambance waɗannan. Rubutunsa ɗaya ne a kansu duka, wai sun ba da ransu domin Sarkin Ingila.

A cikin zango ma soja bai samu kyakkyawar maraba ba. Zangon Accra na farko malamai da attajirai ne suka riƙe shi, irin su Malam Naino Bakatsine, wanda ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Sojoji da suka yi ritaya sun zauna tare da su, wasunsu har sun yi ƙarfi, kamar Ali wanda takardun Turawa ke kira Native Officer Ali, amma tsakanin mai allo da mai bindiga akwai 'yar tazara da ba ta ɓace ba. Malamin da ya karanta waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi a kan zuwan Nasara ba zai ga wanda ya buɗe wa Nasara hanya a matsayin gwarzo ba. Tonawa kuwa suna da nasu dalilin. A 1900, lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, aka yi wa Gwamna Frederick Hodgson ƙawanya a cikin ganuwar Kumasi. Ya samu ya fice ranar 23 ga Yuni, ya bar 'yan tsirarun hafsoshi da sojojin "Hausa" waɗanda yunwa ta riga ta karya, suka riƙe wurin har Kanar James Willcocks ya iso ranar 15 ga Yuli. A wajen Turawa wannan jaruntaka ce. A wajen mutanen Kumasi kuwa waɗannan su ne hannun da aka danne su da shi. Ganuwar ita ce gidan tarihin sojan Ghana a yau.

Kabari guda a Wahala

Ranar 4 ga Agusta 1914 Ingila ta shelanta yaƙi a kan Jamus. A lokacin Togo na hannun Jamusawa, kuma a Kamina, kusa da Atakpame, sun gina babbar tashar wayar iska wadda ke haɗa Berlin da jiragen ruwansu da sauran ƙasashen da suke mulki a Afirka. Kyaftin Frederick Bryant, wanda ke riƙe da rundunar Gwalkwas, bai tsaya jira ba. Cikin 'yan kwanaki aka shiga Lome, aka kama hanyar jirgin ƙasa zuwa arewa. A wannan tafiya ce wani soja mai suna Alhaji Grunshi ya ɗana kunamar bindigarsa, kuma masana tarihin yaƙin sun tafi a kan cewa shi ne sojan Ingila na farko da ya yi harbi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tun sojojin da aka tura Faransa ba su ga abokin gaba ba.

Ranar 22 ga Agusta aka yi karo mai tsanani a bakin kogin Chra, inda Jamusawa suka haƙa ramuka suka girke bindigogi masu jigida. Wani matashin hafsa, Laftanar George Thompson, ɗan shekara 24, yana jagorantar wasu sojojin Senegal da Faransa ta ba da aro. Shi da da yawa daga cikinsu suka faɗi a wuri guda. Shi ne hafsan Ingila na farko da aka kashe a fagen fama a wannan yaƙi. Bayan kwana huɗu Jamusawa, da suka riga suka rushe tashar da hannunsu, suka miƙa wuya.

Thompson yana da kabari da sunansa, ana kula da shi har yau, Faransa kuma ta ba shi lambar yabo bayan mutuwarsa. Garin da kabarin yake ana kiransa Wahala, kalmar da ba ta bukatar fassara a wajen mai jin Hausa. Babu wanda zai yi ƙyashin wannan karramawa ga yaro da ya mutu nesa da gida. Abin dubawa shi ne ɗaya sunan. Alhaji Grunshi ya tsira, ya yi yaƙin Kamaru, ya yi na Afirka ta Gabas inda rundunar ta tafi a 1916 tana bin sawun Janar von Lettow-Vorbeck har cikin Mozambik, ya samu lambobin yabo, ya kai muƙamin samanja. Duk da haka "Grunshi" ba sunan mahaifinsa ba ne. Ba ma sunan da mutanensa ke kiran kansu ba ne, domin Gurunsi laƙabi ne da maƙwabta suka yi wa Kasena da Sisala da Nuna da wasunsu a dunƙule. Haka akawun bariki ke yi: ya tambayi kurtu sunansa, in ya yi masa wuyar rubutu ya ba shi na Musulmi, sannan ya liƙa masa ƙabila ko gari a matsayin suna na biyu. Shi ya sa rajistar rundunar ta cika da Moshi da Dagomba da Fulani da Kano da Sokoto da Bazabarimi. Abin da ke raba wani Musa da wani Musa lamba ce kawai. Mutumin da ya fi kowa shahara a rundunar ke nan, an san abin da ya yi, ba a rubuta ɗan wa ne ba. Ina ga wanda zazzaɓi ko atini ya kashe a wani daji na Tanganyika?

Abin da Gwamna ya ce a 1923

A 1917 aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular Ingila, ƙarƙashin Fabian Ware, kuma ta ɗauki ƙa'ida mai kyau wadda ba a saba da ita ba a zamanin: kowane mamaci da sunansa, dutsen janar da na farabiti girmansu ɗaya. A Faransa da Beljiyam an cika wannan alkawari, kuma wanda ya ga layukan fararen duwatsun can ya san an cika shi. Da aka zo Afirka sai ƙa'idar ta yi laushi. A 1923 wani jami'in hukumar ya tattauna da Gwamnan Gwalkwas, Gordon Guggisberg, gwamnan ya nuna masa cewa talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kan kabari ba, ba zai kuma ga darajarsa ba. Aka tsaya a kan alama guda ta gama-gari. Matattun rundunar na wannan yaƙi a dutsen tunawa na Kumasi aka tattara su, Bature kuwa duk inda ya faɗi aka nemi kabarinsa aka kafa masa nasa. A Afirka ta Gabas abin ya fi muni: a Darussalam da Mombasa da Nairobi gumakan tagulla aka tsayar a madadin dubban sojoji da 'yan dako, babu suna ko ɗaya. A Legas ma mutum-mutumi biyu aka yi, soja da ɗan dako, waɗanda mutanen gari suka sani da Sojan Idumota.

Guggisberg ba mugun gwamna ba ne a ma'aunin zamaninsa. Shi ya gina asibitin Korle Bu da makarantar Achimota da tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Ya rasu a 1930 a garin Bexhill na Ingila ba shi da wani abin hannu, kuma dutsen da ke kan kabarinsa sarakuna da mutanen Gwalkwas ne suka haɗa kuɗi suka kafa. Mutanen da aka ce ba su san darajar dutse ba ke nan.

Sai a watan Afrilu na 2021 hukumar, wadda yanzu ke ɗauke da sunan ƙasashe renon Ingila, ta fitar da rahoton binciken kanta. Ta amsa cewa tsakanin mutum 45,000 zuwa 54,000, galibi 'yan Afirka da Indiya, ba a karrama su daidai da Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunansu ba ko ba a tuna da su sam. Ministan tsaron Birtaniya, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a gaban majalisa.

A nan akwai wata magana da ɗalibin al'adun Hausawa zai iya tayarwa, kuma ba ta wasa ba ce. Ai Musulmin zango ba ya gina kabari. Ana tara ƙasa, a kafa itace ko a kifa fasasshiyar tukunya, bayan damina biyu ko uku wuri ya baje. Malaman Malikiyya sun karhanta gini da ado a kan kabari. Abin da ake bin mamaci da shi addu'a ce da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kuma duk wanda ya ga taron addu'a a Nima, an rufe layi an shimfiɗa tabarmi, ya san ba a manta da matattu a can. To, ashe gwamna bai yi ƙarya ba?

Amsar ita ce, abu biyu ne aka cakuɗa. Iyalin da suka wanke mamacinsu suka yi masa salla suka rufe shi, sannan suka bar kabarin ba rubutu, sun san inda yake, sun san ranar da ya cika. Zaɓinsu ne, kuma ibada ce. Wanda aka ɗauke wa ɗa aka tsallaka teku da shi bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba dutse ne babban abin da ya rasa ba, labari ne. Matar soja ba ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma sai an tabbatar mata da mutuwa. Ba a raba gado sai an san mai shi ya rasu. Ba a yin sadakar arba'in ba tare da ranar da za a ƙirga daga gare ta ba. Hukumar da ta yanke cewa ba sai an wahala wajen alamta kaburburan baƙaƙe ba, ita ce kuma ba ta wahala wajen adana sunayensu ba. Gwamna ya fake da al'adar mutane ne domin ya rage kashe kuɗi, bai kuwa tambayi mutanen ba.

Bama, da yadda Nima ta cika

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Hausawa ke kira yaƙin Hitila, mutum fiye da 60,000 ne suka sa kaki daga Gwalkwas. Wannan karon ba 'yan arewa kaɗai ba: ana bukatar direbobi da makanikai da akawuna da ma'aikatan jinya, saboda haka 'yan kudu masu ilimin boko suka shigo da yawa, Turanci kuma ya fara ture Hausa a fagen fareti. Sun yi yaƙi da Italiya daga El Wak zuwa kogin Juba zuwa Gondar ta Habasha a 1941. Daga nan aka kai su Indiya, aka shiga Bama da su a cikin manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wato Ananse na tatsuniyoyin Akan, takwaran Gizo na Hausawa. Tambarin ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo, kuma gammon ba ado ba ne: a tsaunukan Arakan da kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga, a kan mutane aka ɗauki harsashi da abinci. A watan Janairu na 1945 suka ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa. A cikin wannan yaƙi ne, a 1942, Seth Anthony ya zama baƙar fata na farko daga Gwalkwas da aka ba cikakken muƙamin hafsa. Kafin shi, in an ce hafsa ya faɗi a fagen fama, Bature ake nufi.

Dole a faɗi gaskiya, a wannan karon an gyara. Maƙabartar Christiansborg tana da kaburbura fiye da 400, mafi yawansu na 'yan Afirka ta Yamma, kowanne da dutsensa da sunansa da lambarsa, a jere da na Turawan Ingila da Kanada. A cikinta akwai bango mai ɗauke da sunayen wasu fiye da 400 da aka binne a wasu sassan ƙasar. Waɗanda suka ɓace a Bama kuma sunayensu na cikin kusan 27,000 da ke kan ginshiƙan Taukkyan kusa da Rangun. Kowace ranar 11 ga Nuwamba ana taruwa a Osu, a busa bigila, a yi shiru, jakadu da manyan gwamnati su ajiye furanni, 'yan mazan jiya da suka rage su zauna a inuwa da lambobinsu a ƙirji.

Nima kuwa a lokacin da yaƙin ya fara ƙaramin wuri ce. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya samu filin daga iyalin Odoi Kwao na Osu, wurin kiwo ne a bayan gari, a wajen iyakar hukumar birni. Yaƙi ne ya cika ta. Accra ta zama zangon jiragen saman Amurka da Ingila masu ratsa Afirka zuwa Masar da gabas, sansanonin soja suka bazu a gefen filin jirgi, ana neman kuku da mai wanki da lebura da mai gadi. 'Yan arewa da 'yan ƙasashen Faransa suka kwararo, kuma ba inda za su samu ɗaki da araha, a kusa da aiki, a cikin masu jin Hausa, kamar Nima. Da aka sallami soja bayan 1945, da yawa daga 'yan arewan ba su koma ƙauye ba. Wanda ya ga Bombay da Durban, ya saba da albashin wata, da wuya ya koma riƙe fartanya a ƙarƙashin sarkin da ya miƙa shi. Suka zama masu gadin kantuna da gidajen Turawa, suka shiga 'yan sanda, suka kama ɗakuna a Nima, da ta cika suka tsallaka babban kwalbati zuwa Maamobi. Babu wanda ya tsara wa unguwannin titi ko famfo ko magudana, domin a idon hukuma ba sa cikin birni.

Mararrabar Christiansborg

An yi wa sojojin alkawarin aiki da fansho da kuɗin sallama. Abin da suka samu bai kai na Bature ba, tsadar kaya kuma ta cinye shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A farkon 1948 wani basaraken Ga, Nii Kwabena Bonne, ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa da na Kwara. Ranar Asabar 28 ga Fabrairu, ranar da aka janye ƙauracewar, ƙungiyar tsofaffin soja ta fito jerin gwano da takardar koke zuwa ga Gwamna Gerald Creasy. Suka bar hanyar da aka amince musu suka nufi fadar gwamna a Osu. A mararraba 'yan sanda suka tare su. Sufuritanda Colin Imray ya karɓi bindiga ya yi harbi da hannunsa. Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka mutu. Gari ya kama da wuta, tarzoma ta bazu zuwa wasu garuruwa, mutum 29 suka rasa ransu, 237 suka ji rauni. Aka tsare shugabannin siyasa shida, cikinsu har da Kwame Nkrumah da J. B. Danquah. Kwamitin Watson ya zo bincike, aka sake tsarin mulki, aka yi zaɓe a 1951, ranar 6 ga Maris 1957 Ghana ta samu 'yancin kai.

Waɗannan uku su ne sojojin da kowane ɗan makaranta a Ghana ya haddace sunansu. Akwai gumakansu kusa da wurin da suka faɗi, akwai titin 28 ga Fabrairu, kowace shekara ana fareti ana kiran sunayensu. Sun cancanta. Amma a lura da abin da sabuwar ƙasa ta zaɓa ta tuna: sojan da mulkin mallaka ya harbe, ba sojan da ya yi wa mulkin mallaka harbi ba. Tsohon "Bahaushe" mai jar dara, wanda ya yi fareti ba takalmi, ya tsare ganuwar Kumasi, ya bi Bature zuwa Kamina, ba shi da gurbi a wannan labari. Ga Turawa lamba ne, ga 'yan kishin ƙasa kuwa abin kunya ne da gara a yi shiru a kansa.

Shirun yana da farashi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka fita, zangogi suka girgiza, Nima na cikin inda abin ya fi taɓawa. A cikin waɗanda aka ɗora wa ayar tambaya akwai 'ya'ya da jikokin mutanen da suka zo daga Mosi ko Zabarma ko Sakkwato tun kafin a san wata ƙasa mai suna Ghana, suka yi wa Gwalkwas yaƙi biyu. Sunan ƙabila da akawu ya liƙa wa uba, wanda dā alama ce ta soja, ya koma shaidar baƙunta a kan ɗa. Wanda ya adana littafin sallamar mahaifinsa a ƙasan adaka ya samu abin nunawa. Wanda gara ta cinye nasa, sai bakinsa.

Abin da dutse bai riƙe ba, harshe ya riƙe wani sashe nasa. Soja da bariki da kurtu da kofur da saje da samanja da hafsa da fareti da bigila, duk kalmomin Turanci ne da suka shigo Hausa ta ƙofar bariki, baki ya murɗa su har suka zama na gida. Littattafan koyon Hausa na farko da Turawa suka wallafa, da yawansu domin hafsoshi da jami'an mulki aka yi su, waɗanda sai sun ci jarrabawar harshen ake ƙara musu girma. Hausar Ghana kanta, wadda ake kira Gananci, wadda ba ta cika bambance namiji da mace a nahawu ba, ta kuma sassauta ƙ da ɗ da ɓ, tana ɗauke da alamun harshen da Bagurunshe da Bamoshe da Bazabarme suka koya da girmansu a kasuwa da layin bariki, suka haifi 'ya'ya a cikinsa.

Bayan rahoton 2021 hukumar kaburburan ta shiga tonon tsofaffin rajistoci a ƙasashen Afirka tana neman sunayen da aka bari. Iyalin Nima ko Maamobi da ke son gano kakansu za su iya bincika kundinta a intanet kyauta. Sai dai kafin su fara, dole su san sunan da aka ba shi ranar da ya shiga, ba wanda aka raɗa masa ranar suna ba. Su san ko akawu ya rubuta Moshi ko Mossi, Grunshi ko Grunshie, Amadu ko Ahmadu. In kuma akwai tsohuwar lambar yabo a cikin kayan gado, su juya gefenta, domin a lambobin Yaƙin Farko a nan ake buga lambar soja da sunansa.